2,147,483,647: tambayoyin da ake yawan yi a kan wannan lambar, da amsoshinsu

Duk wanda ya ɗan jima yana taɓa furogiramin ko yana son lissafi ya taɓa cin karo da wannan lambar, ko a databes, ko a wasan gem, ko a littafi. Ɗalibai da abokan aiki sun sha yi min tambayoyi iri ɗaya a kanta har na gaji da maimaita bakina, shi ne na tara su a nan. Masu sauƙin suna sama, in ka riga ka san su ka zarce ƙasa abinka.

Ya ake karanta ta da Hausa, kuma wai girmanta ya kai ina?

Biliyan biyu, da miliyan ɗari da arba'in da bakwai, da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku, da ɗari shida da arba'in da bakwai. Ka dinga ɗan tsayawa a inda na sa waƙafi, in ba haka ba mai sauraro zai rasa ko tamanin da ukun nan na dubu ne ko na ƙarshe ne, wannan rikicin kuwa duk wanda ya taɓa jin ana karanta kasafin kuɗi a rediyo ya san shi. Alƙalumanta goma ne, babu 0 babu 5 babu 9 a ciki, 4 ta fito sau uku, 7 sau biyu.

Maganar girma kuma, a ce ka zauna kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, lamba ɗaya duk sakan, ba barci ba cin abinci ba komai, to sai ka yi kwana 24,855 kafin ka kai, wato shekara 68 da 'yan kwanaki. Ka riƙe wannan 68 ɗin don za ta dawo a tambayar 2038. Da a zamanin kuɗin wuri ne, lokacin da keso ɗaya yake wuri 20,000, keso 107,374 kenan har da canjin wuri 3,647.

Daga ina ta fito? Me ya sa ba biliyan biyu cif ba?

Daga ninki ta fito. A ce wani attajiri ya yi maka alkawarin naira 1 ranar 1 ga Janairu, washegari naira 2, jibi 4, gata 8, haka dai kullum yana ninka ta jiya har ƙarshen wata. Ranar 10 ga wata duk abin da ka tara naira 1,023 ne, ko kuɗin mota bai isa ba, har ka fara cewa mutumin nan wasa yake da hankalinka. Ranar 20 ka tara 1,048,575. Ranar 31 ga wata kyautar ranar kaɗai 1,073,741,824 ce, in ka haɗa duka tun daga farko kuma za ka samu 2,147,483,647 daidai, ba ƙari ba ragi.

A rubuce ana sa ta 2^31 − 1, ma'ana ka jera 2 guda talatin da ɗaya ka ninka su da juna, ka samu 2,147,483,648, sai ka cire 1. A lissafin binari kuwa, wanda 0 da 1 kawai ake amfani da su, 1 ce guda 31 a jere ba sifili ko ɗaya, kamar yadda 999 take a namu ƙirgen, ta cika maƙil saura kaɗan ta juya. Masu furogiramin sun fi ganinta a matsayin 7FFFFFFF, wato rubutunta a ƙirgen goma sha shida-goma sha shida.

Wai da gaske firam ce? Menene ma firam ɗin?

Eh firam ce. Firam ita ce cikakkiyar lamba da ta wuce 1 wadda ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. Goro 12 za ka iya kasa shi biyu-biyu ko uku-uku ko huɗu-huɗu, amma goro 13 duk yadda ka kasa sai ya bar saura. To haka wannan take, duk girman nan nata ba ta kasuwa. In ka jera firam tun daga 2 kana ƙirgawa, ita ce ta 105,097,565.

Dabarun da aka koya mana a firamare ba za su nuna haka ba?

Za su fara amma ba za su kai ka ko'ina ba. Ta ƙare da 7, don haka 2 da 5 sun fita. Ka tara alƙalumanta, 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7, ka samu 46, 46 kuwa ba ta rabuwa da 3 ko 9, saura 1 take bari. In ka raba ta da 7 saura 1, da 11 saura 1, da 31 ma saura 1. Wani ɗalibi ya taɓa tsayar da ni a nan ya ce malam ya aka yi kullum saura 1, akwai wani asiri ne? Babu asiri, maƙwabciyarta ta ƙasa ce take da yawan masu raba ta: 2,147,483,646 daidai take da 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Tunda duk waɗannan suna raba maƙwabciyar cif, dole in an ƙara 1 su bar saura 1.

Ni wannan wurin yana burge ni, a ce lambobi uku a jere, ta farko ta farfashe gida takwas, ta ukun ba komai a cikinta sai 2 zalla har 31, ta tsakiya kuma ko gezau. Amma dai gwada 3 da 7 da 11 bai isa hujja ba, sai ka duba amsar da ke biye.

Waye ya fara tabbatar da ita, kuma ta yaya ya yi ba kwamfuta?

Leonhard Euler ne, ana furta sunan kamar Oila, haifaffen Basel a ƙasar Suwizalan a 1707, ya rasu 1783. A 1772 ya rubuta wa masanin lissafi Daniel Bernoulli wasiƙa ya ce ya tabbatar, lokacin yana birnin St. Petersburg na Rasha, shekarunsa 65 kuma idonsa ya riga ya kusa mutuwa gaba ɗaya, shifta yake yi ana rubuta masa. Kafin shi wasu sun faɗa cewa firam ce amma da ka suka faɗa. Pietro Cataldi ɗan Italiya ya tabbatar da 2^17 − 1 da 2^19 − 1 a 1588, sai ya zarce ya ce na 23 da 29 da 31 da 37 ma haka suke, a cikin huɗun nan 31 kaɗai ya dace.

Yadda Euler ya rage aikin shi ne abin koyo. Na farko, ba sai ka gwada duk lambobin da ke ƙasa da biliyan biyu ba. In lamba ta rabu gida biyu, dole ɗaya daga cikin biyun ya zama ƙarami, ba zai wuce lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka asalin ba. 46,340 × 46,340 ya ba da 2,147,395,600, 46,341 × 46,341 kuma ya riga ya wuce, don haka iyakarka 46,340. Firam ɗin da ke ƙasa da nan sun haura 4,700, har yanzu da aiki ga mai alƙalami da takarda. Na biyu, tun 1640 Pierre de Fermat ya gano cewa duk firam ɗin da zai raba irin wannan lambar dole in ka cire masa 1 ya rabu da ninki biyun lambar saman, wato 31 ɗin da ke cikin 2^31, a nan 62 kenan. Na uku, Euler ya ƙara da cewa in ka raba shi da 8 dole saura ya zama 1 ko 7.

Da ka haɗa sharuɗɗan nan biyu sai ka ga masu neman takarar sun koma iri biyu kawai, ninkin 248 a ƙara 1, ko ninkin 248 a ƙara 63, kuma duka-duka ba su wuce 372 ba, cikinsu ma da yawa ba firam ba ne sai a tsallake. Na farkon da ya cancanci gwaji shi ne 311, ka gwada da kanka: 311 × 6,905,092 ya ba da 2,147,483,612, saura 35, bai raba ba. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya har su ƙare ba wanda ya raba. Daga biliyan biyu zuwa rabawa 'yan ɗaruruwa, aikin da mai haƙuri zai gama da hannu.

Me ake nufi da firam ɗin Mersenne? Duk 2^n − 1 firam ne?

A'a, kaɗan ne ƙwarai. Sunan ya samo asali daga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya fitar da jerinsa a 1644. Sharaɗin farko lambar saman ita ma ta zama firam, in ba haka ba magana ta ƙare, misali 2^4 − 1 shi ne 15 wato 3 × 5. Amma ko saman firam ne ba tabbas, 2^11 − 1 shi ne 2,047 kuma 23 × 89 ne, 2^23 − 1 ma 47 na raba shi. Waɗanda suka tsallake a jere su ne 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, sai tamu ta takwas. Ka lura da tsallen daga ta bakwai zuwa ta takwas, daga rabin miliyan sai biliyan biyu.

Shi kansa Mersenne ya yi kuskure a jerinsa, ya sa 67 da 257 alhali ba sa ba da firam, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Na 67 ɗin sai a 1903 Frank Nelson Cole ya nuna a gaban taron masana lissafi a Amurka cewa 193,707,721 × 761,838,257,287 ne.

Na ga an ce Mersenne ce mai hawa biyu, shi kuma menene?

Saboda 31 ɗin da ke samanta ita ma firam ɗin Mersenne ce, 2^5 − 1. Irin waɗannan huɗu kawai aka sani a duniya: 7, 127, tamu, da 2^127 − 1 mai alƙaluma 39 wadda Édouard Lucas ya tabbatar da hannu a 1876. In ka ɗora wani hawan a kan tamu, wato 2^2,147,483,647 − 1, wannan kam an samo masu raba ta, ba firam ba ce.

Mene ne haɗinta da kamilar lamba?

Kamilar lamba ita ce wadda in ka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, za su dawo maka da ita cif. 6 kenan, 1+2+3. Sai 28, 1+2+4+7+14. Sai 496 da 8,128. Tun zamanin Girkawa Euclid ya nuna cewa duk firam irin na Mersenne yana haifar da kamila guda, ka ɗauke shi ka ninka da rabin lambar da ke gaba da shi: 7 × 4 ya ba da 28, 31 × 16 ya ba da 496. Euler kuma ya tabbatar cewa duk kamilar da take cika, wato mai rabuwa da 2, ta wannan hanyar kaɗai take zuwa. Ko akwai kamila wadda take mara, har yau ba a samo ba kuma ba a tabbatar babu ba.

Tamu in ka ninka ta da 1,073,741,824 za ka samu 2,305,843,008,139,952,128, kamila ta takwas, alƙaluma 19. Akwai wani Bature ɗan Ingila, Peter Barlow, da ya rubuta a 1811 cewa da wuya a ƙara gano wadda ta fi wannan, wai tunda ba su da wani amfani ba wanda zai ɓata lokacinsa. Bai san 'yan lissafi ba. A 1883 wani limamin coci a Rasha, Ivan Pervushin, ya kawo 2^61 − 1.

Ita kanta fa, wane rukuni da wane rukuni take ciki?

Mara ce, ba cika ba. Masu raba ta biyu ne. A rabon nan na kamila da mai rara da mai giɓi, ita mai giɓi ce iya giɓi, don in ka cire ta abin da ya rage a tara 1 ne kawai, haka duk firam yake. Ba ta da abokiyar tagwaitaka, wato firam da ke nesa da ita da 2: ta ƙasa 2,147,483,645 ta ƙare da 5, ta sama 2,147,483,649 kuma 3 × 715,827,883 ce. Firam mafi kusa da ita ta baya ita ce 2,147,483,629, ta gaba kuma 2,147,483,659. Ba ta cikin rukunin Sophie Germain ma, wato firam ɗin da ninkinsa biyu da ƙarin 1 shi ma firam ne, don in ka ninka ta biyu ka ƙara 1 za ka samu 4,294,967,295 wadda 5 ke rabawa.

Wanda na fi so shi ne na murabba'i, wato lambar da aka ninka da kanta kamar 9 ko 25. Tamu in ka raba ta da 4 saura 3, don haka ba za ta taɓa zama jimlar murabba'i biyu ba. In ka raba da 8 saura 7, don haka uku ma ba za su yi ba. Amma Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu suna isar kowace lamba, ga shi kuwa: 46,339² + 425² + 10² + 1². Ɗauko kalkuleta ka duba, 2,147,302,921 + 180,625 + 100 + 1.

Sauran rukunan da za ka gani a shafukan da ke jera halayen lamba, irin su wai lamba mai farin ciki, wasa ne da alƙaluma kawai kuma sun dogara da cewa goma-goma muke ƙirge. In dai kana son sani, ba ta cikin masu farin cikin, tara murabba'in alƙalumanta yana ba da 260, sai 40, sai 16, daga nan ta faɗa zagayen da ba ya kaiwa 1.

To saboda firam ce ya sa kwamfuta ta ɗauke ta a matsayin iyaka?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi min kuma nan ne aka fi ruɗewa. A'a, ko kaɗan, haɗuwa ce kawai aka yi. Kwamfuta tana ajiye lamba a gurabe da ake kira bit, kowanne 0 ko 1. In aka ware gurbi 32, ɗaya yana tafiya wajen nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31, in ka cika su duka da 1 ka samu lambarmu, kamar yadda na nuna a tambaya ta biyu. Ta ƙasa kuma tana kaiwa −2,147,483,648. Injiniyoyin da suka tsara haka ba ruwansu da Euler, 32 ce ta yi musu daidai da yadda ake kasa ƙwaƙwalwar na'ura takwas-takwas.

Hujja kuwa ka duba 'yan uwanta. Iyakar bit 16 ita ce 32,767, kuma 7 × 31 × 151 ce. Iyakar bit 64 ita ce 9,223,372,036,854,775,807, 7 ma tana raba ta har sau biyu. Duk suna aikinsu lafiya ba tare da sun zama firam ba. Ta bit 8 ce, 127, ta yi dace irin na tamu. Akwai dai wuri guda da dacen ya yi rana, yana can ƙasa a tambayar lambobin ƙuri'a.

Na zuba lambobin waya a databes duk sun koma 2147483647, me ya faru?

Sannu, ni ma ta ci ni. Shekarun baya na yi wa wata makaranta manhajar rajistar ɗalibai, na sa gurbin lambar wayar iyaye a matsayin INT, wato gurbin lamba mai bit 32, don a tunanina ai lamba ce. Da na gwada da 12345 komai lafiya lau. Aka yi sati biyu ana shigar da bayanai, ranar da za a tura wa iyaye saƙon taro sai mai shigarwar ta kira ni ta ce malam, wai duk iyayen nan waya ɗaya suke amfani da ita? Na buɗe tebur na ga layi bayan layi 2147483647, daga sama har ƙasa, gumi ya karyo min. Haka muka koma kan fom ɗin takarda muka sake bugawa ɗaya-ɗaya, ni da ita, ranar Asabar.

Dalilin shi ne lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce, in sifilin farko ya faɗi saura 10 masu farawa da 7 ko 8 ko 9, wato biliyan bakwai zuwa sama, INT kuma iyakarsa biliyan biyu da ɗoriya. Databes ɗin MySQL in ba a kunna masa tsauraran dokoki ba sai ya datse duk abin da ya wuce ya ajiye iyakar, bai ce maka uffan ba. Sababbin fitowa sukan ƙi karɓa su nuna kuskure, wanda ya fi alheri. Mutanen Nijar da lambarsu take alƙaluma 8 sukan tsira, sai ranar da aka haɗa da 227 a gaba. Maganin kuwa kar ma ka ce BIGINT mai bit 64, lambar waya da NIN da BVN suna ne, ba a tara su ba a ninka su, ka ajiye su a VARCHAR, wato gurbin rubutu, don sifilin farko ma ya zauna. Waɗanda aka riga aka datse kuma ba sa dawowa, sai in kana da asalin.

Kuɗi ma haka, in kana ajiye shi a kobo cikin INT iyakarka naira 21,474,836 da kobo 47, abin da ɗan kasuwa ɗaya zai iya wucewa a ciniki guda. Nan kam BIGINT ne.

Menene matsalar 2038, mu ma za ta shafe mu?

Na'urori masu tsarin Unix suna ƙirga lokaci da sakan tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970. In a bit 32 ake ajiye ƙirgen, shekara 68 ɗin nan da na ambata a farko za ta cika ranar Talata 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 4:14 da sakan 7 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Sakan ɗaya bayan nan ƙirgen zai kifa zuwa −2,147,483,648, na'urar ta ɗauka ana 13 ga Disambar 1901, lokacin ko Kano Turawa ba su ci ba, Sarki Alu na kan gado.

Wayarka da laftof ɗinka na yanzu galibi bit 64 ne, ba abin da zai same su. Linux ma tun fitowa ta 5.6 a 2020 ya gyara wa na'urorin bit 32 hanya. Abin tsoron tsofaffin na'urori ne da aka dasa aka manta da su, da tsofaffin manhajoji da tebura da ba mai taɓawa. Kuma ba sai 2038 ta zo ba, duk manhajar da ke lissafin gaba, kamar bashin shekara 15 ko ranar ƙarewar takarda, tana iya cin karo da ita tun yau.

Ta taɓa jawo matsala a zahiri ko labari ne?

Ta sha. A Disambar 2014 YouTube ta sanar cewa masu kallon waƙar Gangnam Style ta Psy ɗan Koriya ta Kudu sun wuce wannan lambar, sai da aka mai da ma'aunin bit 64, kodayake sun gyara kafin ya fashe. Ranar 1 ga Janairun 2022 saƙonnin imel suka maƙale a sabobin Microsoft Exchange saboda an rubuta kwanan wata a matsayin lamba, 2201010001, ita kuwa ta fi iyakar, alhali duk na shekarar 2021 masu farawa da 21 suna shiga.

Wanda ya fi tayar da hankali na jirgin Boeing 787 ne, a 2015 hukumar jiragen saman Amurka ta ba da umarnin a dinga kashe wutar jirgin ana kunnawa, don in na'urorin kula da janaretocinsa suka yi kwana 248 a kunne wani ƙirge a ciki zai cika su ɗauke wuta. In ka ɗauka ƙirgen yana bugawa sau 100 a sakan, ka raba lambarmu da 100 sannan da 86,400, sakan ɗin kwana guda, za ka ga 248 da ɗan rabi. Masu JavaScript kuma in kun ba setTimeout jiran da ya wuce wannan adadin na milisakan, wato kwana 24 da kusan awa 20 da rabi, nan take zai tashi maimakon ya jira, ita ce dai. 'Yan gem ma sun san ta, ita ce iyakar tarin kuɗi a wasan Old School RuneScape.

Akwai inda zamanta firam ya yi amfani a kwamfuta?

Akwai, wajen samar da lambobin ƙuri'a, waɗanda ake so su fito kamar ba tsari. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar wata hanya mai sauƙi: ɗauki lamba, ninka ta da 16,807, raba da 2,147,483,647, saura shi ne sabuwar lambarka, sai ka maimaita. In ka fara da 1 za ka samu 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Saboda mai rabawar firam ce, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, wato 7^5, sai ka zaga duk lambobi 2,147,483,646 kafin ɗaya ta maimaitu. Har yanzu tana cikin C++ da sunan minstd_rand0. Kafin nan akwai RANDU na IBM da ya yi amfani da 2^31 cif, ya yi ƙaurin suna wajen fitar da lambobi masu tsari a ɓoye.

Ƙarin daɗi, rabawa da ita ba ta da wahala ga na'ura, kamar dabarar tara alƙaluma don gano sauran 9 ce, a yanka lambar a bit na 31 a tara gutsattsarin biyu. Amma kar ka yi amfani da wannan hanyar wajen fasawod ko wani abin tsaro, wanda ya ga lamba ɗaya ya san duk masu zuwa. Makullin RSA na ɓoye bayanai mai bit 2048 alƙaluma 617 ne, tamu mai 10 yarinya ce a wajen.

Zan iya tabbatarwa da kaina ba tare da rabawa 372 ba?

Sosai, da gwajin Lucas da Lehmer, wanda aka yi don lambobin Mersenne. Fara da 4, ninka ta da kanta, cire 2, raba da lambar da kake gwadawa ka riƙe saura, ka maimaita sau lambar saman a cire 2. In ka ƙare da sifili firam ce, in ba haka ba a'a. Gwada da 31, samanta 5 don haka sau 3: 4 ta ba da 14, 14 ta ba da 194 wanda sauransa 8, 8 ta ba da 62 wanda sauransa 0. Da 2,047 kuwa sau 9 ne: 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736, ba ta kai sifili ba, daidai da abin da muka gani a tambayar Mersenne.

Tamu sau 29 kawai take buƙata, layi huɗu a Python. In a C ko Java za ka rubuta ka yi hattara, ninkin yana wuce bit 32 tun a mataki na huɗu zuwa na biyar, in ka sa int sai lambar da kake gwadawa ta cije ka, ka yi amfani da bit 64.

Yanzu wace ce firam mafi girma, tamu tana ina a layi?

Mafi girma dai babu, Euclid ya riga ya nuna firam ba sa ƙarewa, sai dai mafi girma da aka sani. Tamu ta riƙe wannan kambun shekaru da dama bayan 1772, har cikin ƙarni na 19. A Oktoban 2024 Luke Durant, ta hanyar shirin GIMPS da masu sa kai ke ba da aron kwamfutocinsu tun 1996, ya gano 2^136,279,841 − 1, ta 52 a firam ɗin Mersenne da aka sani, mai alƙaluma 41,024,320. Da gwajin Lucas da Lehmer ɗin nan na sama aka tabbatar da ita. In za ka karanta alƙalumanta ɗaya duk sakan ba tsayawa, sai ka yi kusan kwana 475.